Shari'ar Agwagina da Sauron Ɗakin Kaka

A daminar bara aka kai ƙarar agwagina. Mai ƙarar Babanmu ne, alƙalin ma Babanmu ne, ni kuwa na naɗa kaina lauya ba tare da kowa ya nema ba.

A bayan gidanmu a Roni akwai wani kududdufi da aka haƙa lokacin ginin katanga. Da rani rami ne kawai da awaki ke kwanciya a ciki, da damina kuma ya cika ya zama teku. Baba yana cewa faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, ni dai na san jirgin ruwa zai iya juyawa a ciki idan direban gwani ne. A nan agwagina suke wuni. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ba ni uwarsu tun ina firamare. Uwar ta yi ta ƙyanƙyasa har na zama mai garke, har da wani toro mai jar fuska da ke tafiya kamar shi ya gina unguwar.

Sai autanmu ya kamu da zazzaɓi. Ya warke, ya sake kamuwa, ya warke, ya kuma kwantawa, wannan karon har sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ranar da aka sallamo shi Baba bai ko cire hula ba ya zagaya bayan gida, ya tsaya a bakin kududdufin, hannuwansa a baya.

"Wannan ramin za a cike shi," in ji shi. "Agwagin kuma ranar kasuwa a kai su."

Na ce, "Baba, sauron nan fa ba namu ba ne. Daga fadama suke zuwa, daga gonakin shinkafa."

"Ke kika rako su?"

"A'a, amma na ga alama."

"Wace alama?"

Na nemi alamar na rasa. Na ce, "A gajiye suke isowa."

Umma ta juya baya tana gyara murhun da babu abin da ya same shi. Baba bai yi dariya ba. Ya ce da zarar ya samu masu ɗebo ƙasa magana ta ƙare.

Kafin ya same su sai mai unguwa ya yi sallama tare da wata baƙuwa. Matashiya ce mai tabarau, 'yar Gwiwa, tana karatu a jami'a a Kano. Wai aikinta ta bi ƙauyukan Kazaure da Babura da namu tana kama sauro. Na ɗauka ban ji daidai ba. Mu muna kashewa kyauta, wata ta hau mota tun daga Kano ta zo kamawa. Tun daga ranar muka sa mata Malamar Sauro, ita ma tana amsawa.

Ɗaki ɗaya take so, wanda aka kwana a ciki. Aka zaɓi na Kaka saboda a nan auta yake kwana. Ta yi mana bayani sannu a hankali, har sau biyu: gobe da safe kada a buɗe taga, kada a bar ƙofa a buɗe, kada a yi shara, kada a fesa komai. A bar ɗakin yadda aka tashi. Kaka tana ta gyaɗa kai tana cewa, "To, 'yar nan. To, Allah Ya kai mu."

Na bi Malamar har zaure na tambaye ta ko idan ta kama sauro tana iya gane inda aka haife shi.

Ta ce, "Kusan haka, amma ba haka ba. Masu kawo zazzaɓin nan iri-iri ne. Wata ta fi son ruwan da ya daɗe, irin na gonar shinkafa. Wata ta fi son ɗan ruwan sama da ya taru a sawun mota. Wata kuma har shanu take cizo. Amma fa..."

Ban tsaya jin abin da ya biyo bayan amma ba. Na ruga wurin Baba na ce masa an samu shaida daga Kano, za ta tabbatar da cewa sauron gidanmu 'yan fadama ne. Ya kalle ni ya ce, "To, mu jira Malamar." Haka agwagina suka tsallake kasuwar farko.

Washegari bayan sallar asuba tari ya tashe ni. Na fito tsakar gida na ga hayaƙi yana fita ta tagar Kaka kamar an kunna wa gidan burodi wuta. Taga a wangale, ƙofa a wangale, labule a ɗage. Kaka ta share ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe tufafin da ke rataye, ta goge kwanukan jerenta, ga kasko biyu na turaren wuta suna ci, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin gado.

"Kaka! Ba cewa aka yi kada a taɓa ɗakin ba?"

"Rufe min baki, ja'ira. Baƙuwa za ta shigo min ɗaki ta tarar da shi kamar turken awaki? Ta koma Kano ta ba da labarina?"

"Ai sauron take so!"

"Ta nema a waje, ga su nan da yawa. Tun da nake ban taɓa karɓar baƙo da ɗaki a hargitse ba, ba kuwa zan fara yau ba saboda ƙwaro."

Na juya wurin Umma neman taimako, sai na lura ƙamshin da ke tashi irin na turarenta ne, wanda take ɓoyewa sai da biki. Ta sunkuyar da kai ta ce ai ba a hana tsohuwa kasko.

Malama ta iso da abokiyar aikinta, sun ɗauko jaka da fararen ƙyallaye. Tana sa ƙafa a ɗakin ta fara atishawa. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta kalli kaskon nan biyu. Ta ce tunda an zo, bari a gwada. Suka fara shimfiɗa fararen ƙyallayen a ƙasa da kan gado.

Kaka ta dafe ƙirji. "Farin ƙyalle a kan gadona ina raye? 'Yar nan, me kuka ji a kaina?"

Da ƙyar aka lallashe ta ta fito. Aka rufe ɗakin, aka fesa magani, muka zauna jira. Da aka fito da ƙyallayen aka baje a rana, duk gidan muka yi da'ira. Abin da aka samu: kyankyaso ɗaya, gizo-gizo ɗaya, ɓarin goro, da ɗan kunnen Kaka da ya ɓata tun bikin yayarmu. Sauro ko na rantsuwa babu.

Kaka ta ɗauki ɗan kunnenta ta ce, "Kun gani? Ɗakina ba sauro. A rubuta."

Baba ya kalle ni. Na ga kasuwa a idonsa.

Ni ce na durƙusa gaban Kaka da yamma. Na yi mata kirari, na matsa mata ƙafa, na yi alkawarin ƙwan agwagwa har ƙarshen rayuwata. Ta yarda a sake, bisa sharaɗi: kada maƙwabciya ko ɗaya ta sani, kuma Malama ta shiga kanta a ƙasa, kada ta kalli saman gado. Da safen da aka sa, na zauna a bakin ƙofarta ina gadi. Sai da na ƙwace tsintsiya a hannunta sau biyu, ta uku kuma a cikin zaninta na same ta.

Wannan karon da aka fito da ƙyallayen sai da Umma ta yi salati. Sauro birjik, da a ce ana cin su da mun yi dambu mun aika wa maƙwabta. Kaka ta ce ba nata ba ne, shigowa suka yi da suka ji an daina shara.

Malama ta zauna a tabarma da hantsaki tana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ta ware wasu gefe ta ce waɗannan damun mutane kawai suke yi, ba su kawo zazzaɓin. Sauran ta nuna min fikafikansu masu ɗigo-ɗigo, ta ce su ne masu laifin, kuma matan ne kaɗai ke cizo. Har nan ina biye da ita, ina jin kaina rabin likita.

Na ce, "To wacce ce 'yar shinkafa a ciki?" Don tuni na raɗa musu suna, tunda sunayen da ta faɗa harshena ya ƙi ɗauka: 'yar shinkafa, 'yar ruwan sama, 'yar shanu.

Ta ce, "Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Ba wanda zai sani da ido. Duba da kanki."

Ta miƙo min gilashin da ke ƙara girman abu, ta jera min uku. Na duba ta farko: ƙafafu, fikafikai, dogon baki. Ta biyu haka. Ta uku haka. Na ce ta tsakiyar ta fi kama da mai mugunta. Ta ce wataƙila duk ukun iri ɗaya ne, wataƙila kuma kowacce da irinta, ko malaminta da ya tsufa a aikin ba zai iya rabewa ba.

Kaka da ke gefe tana jin mu ta matso. Ita mutum ko daga ina ya fito, kallon fuskarsa take yi ta faɗi asalinsa. Ta ce, "Su ba su da tsaga ne? A da, kana ganin kumatun mutum ka san gidansu."

Malama ta ajiye hantsakin. "Suna da ita, Kaka. Amma tasu a ciki take."

"A ciki? Wane wanzamin ne ya shiga?"

"Da ita ake haifarsu. A jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin halitta, a cikinsu akwai wani dogon rubutu da ya gada daga uwa da uba. Na waɗannan sauron kusan duk iri ɗaya ne, sai a 'yan wurare kaɗan ya bambanta. Waɗannan wuraren muke nema."

Na ce, "Da wane tabarau?"

"Ba da tabarau ba. Zan cire ƙafa ɗaya, a narkar da ita a ruwan magani, a sa a na'ura. Na'urar za ta yi ta kwafar wannan ɗan wurin har ya yi yawan da za a gani. Na wata irin dogo ne, na wata gajere. Da tsawon muke gane su."

Na kalli ƙafar sauron. Gashin girata ya fi ta kauri. Wai a cikin wannan akwai rubutu, rubutun kuma har da dogo da gajere. Na tambaya da wane harshe aka yi shi, ta ce haruffa huɗu ne kacal. Na ce to ai ko ɗan aji ɗaya ya fi sauro haruffa. Ta ce ni ma da huɗun aka rubuta ni. Daga nan kaina ya ɗauki zafi, na daina tambaya.

Kaka ce ta ci gaba. "To tunda kamarsu ɗaya, suna auren juna?"

"Da wuya, Kaka. Kowacce ta fi neman irinta. Akan samu, amma ba kasafai ba."

"Ashe 'yan uwa ne, gaba suke yi," in ji Kaka, ta koma kan tabarmarta ta gamsu. Ita kaɗai ce a gidan ta fahimci bayanin.

Kowace sauro aka sa ta a 'yar ƙaramar roba ita kaɗai, kamar mai jinya a ɗaki na musamman. Na ɗauka an gama. Sai Malama ta zaro wani farin ludayi mai dogon hannu ta ce a nuna mata kududdufin.

Na ce ai hanya ba kyau. Na ce toron yana cizo. Na ce akwai maciji. Ta wuce ni ta tsuguna a bakin ruwan, wajen ciyayi inda agwagi ba su cika zuwa ba, ta kamfato a hankali. A cikin ludayin wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Wasu sun rataye kai ƙasa, wasu sun kwanta a miƙe a saman ruwa kamar masu hutawa bayan cin tuwo. Masu kwanciyar ta nuna.

"Waɗannan na masu zazzaɓi ne."

Na ce, "Agwagina suna cinye su ai."

"Sun rage wasu."

Ta zuba su a kwalba, ta ce za ta raine su har su yi fiffike sannan ta gwada su su ma. Suka tafi, aka bar ni da lissafin da ya ƙi fita. Idan na kududdufina 'yan ruwan sama ne, na ɗaki kuma 'yan shinkafa, na ci shari'a. Idan kuma aka samu akasin haka, ban ma san mene ne akasin ba.

Jiran ya yi tsawo. Na ari tabaran Kaka ina kama sauro ina dubawa, har na fara rarraba su da murya: mai siririyar murya 'yar shinkafa, mai kauri 'yar shanu. A makaranta na ba da labari cewa an kai sauron gidanmu Kano a mota mai sanyi, kowacce da kujerarta. Wata ƙawata ta ce a gidansu ma akwai sauro, na ce nasu ba a tantance su ba.

Auta kuwa yana ta murmurewa, amma wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Wata yamma ya ce in goya shi ya ga agwagi, don shi ma yana son toron. Muna tsaye a bakin ruwa yana yi musu dariya, sai na ga wata sauro ta sauka a ƙaurinsa, ta ɗaga gindi sama ta kafa baki. Na kai mata mari. Jini ya fito a tafina, nasa. Na tsaya ina kallon abin da ya rage na gawar, ba fuska, ba tsaga, ba abin da zai gaya min daga ina ta zo. Na mayar da shi cikin gida tun kafin ya gama kallo, yana ta kuka yana dukan bayana.

Gero ya fara nuna lokacin da Malama ta dawo tare da abokiyar aikinta. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, Baba ya zauna a kujera, Kaka ta sa a kawo mata fura. Ta ciro waya ta nuna mana hoto. Na zaci zan ga sauro da sunansa a ƙasa. Abin da na gani baƙin allo ne da wasu 'yan gajerun layuka masu haske, wasu sama wasu ƙasa, kamar tsani da ya karye.

"Kowane layi sauro ɗaya ce," in ji ta. "Waɗanda suka tsaya a nan iri ɗaya ne, waɗanda suka gangara nan wani iri. Na ɗakin Kaka, mafi yawansu irin da kike kira 'yar shinkafa ne. Kaɗan 'yan shanu."

Na miƙe na rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Na ce, "Baba ka ji! Kaka kin ji! 'Yan fadama ne!"

"Zauna tukuna," in ji Malama. Ta shafa wayar, wani hoton ya fito. "Waɗannan na kududdufinki ne."

Layukan suna daidai inda na farko suke.

"Su ma 'yan shinkafa ne."

Na ce, "Ai babu shinkafa a kududdufina! Ko ƙwaya ɗaya!"

"Ita ba ta san sunan da kika sa mata ba. Ruwan da ke daɗewa take so, naki kuma yana daɗewa."

"To waɗanda suka ciji auta, na fadama ne ko nawa?"

"Wannan gwajin ba zai faɗa ba. Iri yake nunawa, ba ya nuna gida."

Na zauna. An cire wa sauro ƙafa, an narkar, an kai Kano, na'ura ta yi ta kwafa, an gano abin da ido ba ya gani, amma tambaya ɗaya da na yi ba amsa. Na ce ko a sake gwadawa da ɗaya ƙafar. Abokiyar aikin Malama ta ƙware da fura.

Baba ya gyara zama. "Malama, in ke ce, me za ki yi?"

Ta ce ita ba a aiko ta yanke hukunci ba, amma fadama ba ta cikuwa, rami kuwa yana cikuwa. Ta ce kuma ko an cike ramin na fadama za su zo, ga shi sau biyu tana shiga ɗakin Kaka ba ta ga gidan sauro ba.

"Kin ce ba za ki kalli saman gado ba!" in ji Kaka.

Ashe gidan sauron yana cikin akwati, sabo fil a ledarsa, tana ajiyarsa saboda baƙi.

Baba ya yanke hukunci a wurin. Za a cike kududdufi. Za a rataya wa Kaka gidan sauro a ranar, auta ya kwana a ciki. Agwagi kuma, tunda ba a tabbatar da laifinsu ba kuma ba a wanke su ba, za su zauna, in har zan iya ba su ruwan da ba zai kwana ba. Kaka ta ce ita da ba ta cikin shari'a ita aka ɗaure.

Masu ɗebo ƙasa suka zo da amalanken shanu. Ni ma na ɗauki kwano na taya su, don auta yana zaune a inuwa yana kallo, kuma ban san me zan yi da hannuwana ba. Baba ya sa aka yanka masa tsohon duro gida biyu. Kullum da safe in cika rabin da ruwan rijiya, da yamma in kifar in jingine shi. Damatsana sun yi ƙarfin da yanzu ko 'yan ajinmu maza ba sa tsokanata.

Har yau idan aka tambaye ni wa ya ci shari'ar sai in ce a tambayi Kano. Toron yakan shiga duron shi kaɗai ya cika shi fam, wutsiya a waje, yana hura hanci. Sauran kuwa sai su zagaya bayan gida a jere, su tsaya a kan busasshiyar ƙasar suna kallona, ni ma ina kallonsu da bokiti a hannu.